Yadda ake gina sassaƙen siminti na fili da zai jure rana da ruwa

Abin da ke kashe sassaƙen siminti a fili tsatsa ce, kuma daga ciki take farowa, inda ido ba ya kaiwa. Ruwa ya sami 'yar kafa ya isa ga ƙarfe, ƙarfen ya fara tsatsa, ita kuwa tsatsa tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta cinye, ninki biyu har zuwa shida. Daga nan sai ta tunkuɗo simintin da ke kanta, ya dare, ya ɓanɓare, ruwa ya ƙara samun hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka duk matakin da za a bi, daga zanen farko har ranar kafawa, burinsa a raba ruwa da ƙarfe. Maganar kare muhalli ma nan ta tsaya, domin siffar da ta shekara hamsin a tsaye ta fi sauƙi ga ƙasa a kan wadda aka haɗa da kayan tsince zalla, ta lalace cikin shekara biyar, aka sake sayen siminti aka yi wata.

Sunan sassaƙa dai aro ne, don a wannan aiki ba a feƙe komai, ginawa ake yi. Ana haɗa ƙashi na ƙarfe, a lulluɓe shi da raga, a yaɓa kwaɓin siminti da yashi siriri a kai, cikin ya zauna fayau. Dabarar ta daɗe. Wani Bafaranshe, Joseph-Louis Lambot, ya yi kwale-kwale da ita a 1848, injiniya Pier Luigi Nervi kuma ya rufe manyan zaure da ita a Italiya bayan yaƙin duniya na biyu. A birnin Los Anjalas na Amurka, Simon Rodia ya kwashe daga 1921 zuwa 1954 yana gina hasumiyoyin Watts da rodi da raga da siminti da fasassun kwalabe, mafi tsayinsu ta kai kusan mita 30. Da hukuma ta so rushe su a 1959, an ɗaura wa doguwar igiyar ƙarfe aka ja ta da ƙarfin kusan tan huɗu da rabi, ba ta faɗi ba. Amma tun daga lokacin masu gyara ke fama da tsaga da tsatsa a jikinsu. Ƙarfi ba shi ne matsalar wannan dabara ba.

Samfuri da lissafin nauyi

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe: siffar ganye mai lanƙwasa, tsayinsa mita 3, faɗinsa a tsaka-tsaki mita 1.

Fara da ƙaramin samfuri na waya da yumɓu, ɗaya bisa goma, wato santimita 30. Da shi za ka shawo kan mai wurin, da shi kuma za ka gano kurakuran da takarda ke ɓoyewa. Ka kwarara masa ruwa daga sama da buta ka duba inda ya kwanta. Duk lungun da ya riƙe ɗigo a samfuri zai riƙe bokiti a babban aiki. Gyara shi tun yana yumɓu: ko ka karkatar da wurin ruwa ya gangare, ko ka yi alamar inda za a huda magudana. Kada ka bar shimfiɗaɗɗen wuri ko ɗaya a sama ba gangara, ko da santimita 2 ce a kowace mita.

Masu sabon hannu kan manta cewa girma ba ya tafiya daidai da nauyi. In tsayi ya ninka goma, faɗin jiki ya ninka ɗari, nauyin abu cikakke kuma dubu. Jikin ganyenmu gaba da baya da gefe zai kai murabba'in mita 8. In kaurin yaɓe milimita 25 ne, kwaɓin ya kama kubik mita 0.2, nauyinsa wajen kilo 440. Ƙara kilo 100 na ƙarfe, ka sami kilo 540. Da cike aka zuba shi da kankare a kaurin santimita 30, da ya haura tan biyu. Sai dai a faɗi gaskiya, kwaɓin yaɓe ya fi kankare cin siminti nesa ba kusa ba, don haka rarar siminti ba ta kai rarar nauyi ba. Duk da haka abin da zai ci bai kai rabin abin da cikakken zai ci ba, kuma hakan ba ƙaramin abu ba ne idan aka tuna masana'antar siminti ke fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke saki.

Iska da tushe

Rashin nauyi na da nasa sharrin, domin abu mai faɗi mara nauyi tanti ne a gaban guguwa. Iska mai gudun mita 40 a daƙiƙa, wato kilomita 144 a awa, tana danna kowane murabba'in mita da kusan kilo 100. Fuskar ganyen murabba'in mita 3 ce. A ƙara kashi 20 cikin ɗari saboda yadda faffaɗan abu ke tare iska, ya zama kilo 360, kuma tsakiyar turin tana mita 1.5 daga ƙasa.

Yanzu gwada tushe mai mita 1.2 kowane gefe, zurfi santimita 60. Kankarensa kubik mita 0.864 ne, kilo 2,074. Ƙarfin da ke son kifar da aikin shi ne 360 sau 2.1, wato tsayin turin haɗe da zurfin tushe, ya ba da 756. Wanda ke riƙe shi kuwa nauyin tushe da na siffa ne, 2,614, sau rabin faɗin tushe, 0.6, ya ba da 1,568. Riƙo ya ninka turi biyu, alhali abin da ake nema aƙalla ɗaya da rabi ne. Da an yi tsumulmula an haƙa santimita 80 kowane gefe da zurfin 50, riƙon 523 ne kacal, turin kuma 720. Wannan ganyen zai kwanta a guguwar farko mai ƙarfi. Lissafin nan don ka san inda ka dosa ne. Duk abin da ya fi mutum tsayi kuma jama'a za su zauna a gindinsa, injiniyan gini ne zai duba ƙasar wurin da iskar yankin ya sa hannu, kuma sai da izinin hukumar da ke da filin. Kafin a sa diga a tambayi inda bututun ruwa da wayar lantarki suka bi.

Kankaren tushe: siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4 a mudu ɗaya, zai ci kusan buhu 6 na kilo 50. A shimfiɗa tabarmar rodi mai milimita 12, tazara santimita 20, a ɗaga ta santimita 7 daga ƙasa da 'yan gutsattsarin kankare. A nan ne baraguzan tsohon gini ke da amfani: farfasasshen kankare mai tsabta zai iya maye kashi ɗaya bisa biyar na tsakuwa, in an jiƙa shi tun daren jiya don kada ya shanye ruwan kwaɓi. A tsince duk wani guntun farin filastan silin daga ciki, yana kumbura siminti daga baya. Dogayen ƙusoshi masu noti guda huɗu, masu kaurin milimita 20 da ƙugiya a ƙasa, su nutse santimita 40. Riƙe su da faifan katako da aka huda daidai da ramukan farantin ƙarfen da zai zauna a gindin siffa, in ba haka ba ranar kafawa za ka tarar ɗaya ya goce da santimita guda, aiki ya tsaya. Saman tushen ya ɗara ƙasa da santimita 10 zuwa 15, a karkace, don gindin siffa kada ya tsaya cikin ruwa.

Ƙashi

Ƙashin baya bututun ƙarfe ne mai faɗin milimita 114 da kaurin bango milimita 5, an yi masa walda a kan faranti mai santimita 35 kowane gefe da kaurin milimita 12, da 'yan tokare masu kusurwa uku guda huɗu a gindi. Wannan mahaɗa ce ke ɗauke da dukkan turin iska, don haka ƙwararren mai walda za a ba, da busasshiyar sandar walda mai lamba 7018. Sauran haɗe-haɗen jiki sandar 6013 mai milimita 2.5 ta isa. A toshe bakin bututun na sama da walda, a huda ɗan rami mai milimita 10 a can ƙasa, saboda gumin da ke taruwa cikin bututu ya sami mafita.

Daga bututun ake fitar da haƙarƙari na rodi mai milimita 10, tazara santimita 25 zuwa 30, sannan a kewaye su da mai milimita 6 duk bayan santimita 10 zuwa 15. Zana siffar da cikakken girmanta a ƙasa da alli, ta hanyar raba samfurin gida-gida, ka riƙa lanƙwasa rodi a kan zanen. Ka tuna ƙashin zai fi siffar da kake so ƙanƙanta da santimita 2 ta kowane gefe, wurin yaɓe ke nan. In ka manta, duk aikin zai fito a kumbure, ko kuma ka rage yaɓen don ceto siffa, ka bar ƙarfe kusa da fata.

Tsohon rodi daga rusasshen gini yana yi wa haƙarƙari, amma da sharaɗi. Jar tsatsa ta sama-sama ba komai ba ce, burushin waya ya kawar da ita, har ma tana taimaka wa siminti kamawa. Wadda ke ɓarewa ɓawo-ɓawo ita ce abin gudu. Goge ta ka auna: rodi mai milimita 10 da ya koma 9 ya rasa kusan kashi ɗaya bisa biyar na ƙarfinsa. Wanda ya fito daga ginin da ya yi gobara, ko ginin bakin teku da gishiri ya ratsa, ko wanda aka lanƙwasa aka miƙe aka sake lanƙwasawa a wuri ɗaya, a mayar wa masu narkarwa. Ƙashin baya da faranti kuwa sababbi za a saya, ko waɗanda aka san tarihinsu. Kada jan ƙarfe ko tagulla ya taɓa rodi a cikin siminti, in danshi ya shiga tsakaninsu rodin ne ke narkewa da sauri. Kafin a rufe, a yi waldar zobe biyu na ɗagawa a jikin bututun, sama da tsakiyar nauyi.

Idan ka gama, kama ƙarshen ganyen ka girgiza. In ƙashin yana rawa kamar reshe, ƙara tokara. Siminti ba ya lanƙwasa, duk inda ƙashi ke motsi nan zai tsage.

Raga

Raga mai ido milimita 13, ta murabba'i ko ta kejin kaji, ninki biyu a ko'ina, uku a gefuna da inda reshe ya haɗu da jiki. Kowane ninki a goce shi kaɗan daga na ƙasa don idanu su saɓa, a kuma ɗora bakin kowane yanki a kan na kusa da santimita 10. Ɗaure da wayar ɗauri duk bayan santimita 10 zuwa 15, a ja ta tsam. Ragar da ta yi ciki tana lotsawa a ƙarƙashin cokali za ta sha kwaɓi ninki biyu, ta kuma bar aljihun iska.

Kowane bakin waya a murɗa shi ya kalli ciki. Ɗan tsinken waya ɗaya da ya leƙo fata shi ne lagwanin da zai ja ruwa ciki, bayan damina ɗaya ka ga jan hawaye na gangarowa daga wurin. Sa safar hannu ta auduga ka shafa jikin gaba ɗaya, duk inda ta maƙale akwai aiki.

Sabuwar raga mai rufin tutiya, mai ƙyalli, tana faɗa da ɗanyen siminti ta fitar da 'yan kumfa da ke raunana kamu. A bar ta a waje makonni kaɗan ta dushe tukuna. Haka kuma kada a yi walda a kan ƙarfe mai tutiya sai an goge rufin a wurin, farin hayaƙinsa na sa zazzaɓi.

Kwaɓi

Yashi ya zama mai kaifi, a tankaɗe shi a rariya mai ido milimita 2 zuwa 3. Gwada tsabtarsa da kwalba: zuba yashi santimita 8, cika da ruwa, girgiza, ajiye awa uku. In laka ta kwanta a kai fiye da milimita 5, sai an wanke. Yashin teku da ruwa mai gishiri ba su da wuri a wannan aiki ko kaɗan. Ruwan da za ka iya sha shi za ka kwaɓa da shi.

Da sikeli ake awo: siminti kilo 10, yashi kilo 25, ruwa lita 4 zuwa 4.2. Wannan zai ba da kusan lita 18, ya rufe murabba'in mita 1.8 a kaurin milimita 10, kuma shi ne iyakar abin da mutum biyu za su yaɓa kafin minti 40. Ganyen gaba ɗaya zai ci siminti wajen kilo 112 da yashi kilo 280, a ƙara kashi 15 cikin ɗari na zuba. In yashin jiƙaƙƙe ne a rage ruwa. Kwaɓi mai kyau in ka dunƙule shi yana riƙe siffar hannu, fuskarsa na ɗan sheƙi, ruwa ba ya ɗiga.

Ƙarin ruwa shi ne jarabar kowane mai yaɓe, don kwaɓi mai ruwa ya fi daɗin cokali. Amma ruwan da siminti bai buƙata ba ƙafewa zai yi, ya bar ƙananan hanyoyi a bayansa, ta cikinsu ruwan sama da iska za su bi. Abin da ke kare ƙarfe cikin siminti kaifinsa ne irin na soda, wanda ma'aunin pH ke nuna 12.5 zuwa 13. Iskar kabon tana shiga a hankali tana kashe kaifin nan daga fata zuwa ciki, ranar da ta kai ga ƙarfe kariya ta ƙare. Kwaɓi matsattse mai ƙarancin ruwa ne ke jinkirta ranar. In ya yi tauri da yawa, a sa maganin sassauta kwaɓi gwargwadon abin da aka rubuta a jikin galan. Wanda kuma ya fara kamawa a baro, kada a farfaɗo da shi da ruwa.

Ana iya rage siminti da tokar kwal ta tashar lantarki, ko tokar ɓuntun shinkafa da aka ƙona a zafin digiri 500 zuwa 700 ta fito fari-fari aka niƙa ta laushi kamar siminti. Baƙar toka mai gawayi ba ta yi. A yaɓe siriri irin wannan kada mayen ya wuce kashi 15 cikin ɗari, domin toka na cin wani ɓangare na kaifin da ke kare ƙarfe. Farfasasshiyar kwalba a madadin yashi kuwa ra'ayi ne mai daɗin ji da ke ƙarewa da kuka: gilashi na faɗa da kaifin siminti, ya fitar da wani abu mai kumbura in ya sha ruwa, fata ta tsattsage kamar busasshen tafki. Kwalba wurinta a sama, matsayin ado. Zaren roba na kwaɓi, gram 15 a kwaɓin lita 18, yana rage tsagar bushewa. In zaren gilashi ne, sai wanda aka yi don siminti, na gama-gari narkewa yake a ciki.

Ajiye 'yan mazubai a gefe, na tukunyar fure ko falen daɓe. Ragowar kowane kwaɓi ta shiga ciki maimakon ta daskare a ƙasa, kuma a kansu za ka gwada launi kafin ka taɓa babban aiki.

Yaɓe

Ga inda yawancin aiki ke lalacewa ba a sani ba. Mai yaɓe na kallon waje, ya ga ya yi sumul, alhali ta ciki raga tsirara take tana kallon duhu da danshi. Dole kwaɓi ya ratsa ninkin raga duka ya rufe bayanta. In siffar na da faɗin da hannu zai shiga, bar taga ɗaya ko biyu: mutum ɗaya na dannawa daga waje, wani na tarewa da shafewa daga ciki, a rufe tagar a ƙarshe. Inda hannu ba zai kai ba, tun kafin a sa raga a ɗaura tsohon buhu a bayan rodi da tazarar santimita guda, ya zama bangon da kwaɓi zai tokara ya cika. Wasu na gina siffar gida biyu a kwance, su yaɓe ciki da waje, sannan su haɗa.

Shafi na farko milimita 10 zuwa 12, daga ƙasa zuwa sama, da dannawa mai ƙarfi, da tafin hannu cikin safar roba ko da cokali. Kafin ya kama a karce fuskarsa da guntun raga. Washegari a jiƙa shi har ya daina shan ruwa amma ba ya sheƙi, a shafa kunun siminti da ruwan gam na roba da ake kira SBR, a ɗora shafi na biyu milimita 8 zuwa 10 tun kunun yana ɗanye. In kunun ya bushe kafin a ɗora, ya zama shamaki maimakon gam. Na uku milimita 4 zuwa 5 ne, da yashi mai laushi, shi ke ɗauke da zane da launi. Jimilla ragar waje ta sami rufin aƙalla milimita 10. Tsinke mai alama a wannan tsayi, ana soka shi cikin ɗanyen yaɓe, ya fi ido gaskiya, musamman a gefuna da ƙarshen ganye inda hannu ke son sirantawa.

In dole a tsaya a tsakiyar shafi, a yanke bakin a karkace, kuma mahaɗar shafi na biyu kada ta faɗa kan ta farko. Kada a yi ta gugar fuska da cokalin ƙarfe don neman sheƙi, hakan na jawo ruwa da garin siminti sama, ya bushe ya yi tsaga irin ta gizo-gizo. Soso mai ɗan danshi ya wadatar. Soka guntun tiyo mai milimita 12 a kowane wuri mafi ƙasa tun yaɓe na ɗanye, ya zama magudana, da wani a sama a ƙarƙashin lanƙwasa inda ruwan sama ba ya bugu, don iska ta zaga ciki.

Ana aikin a inuwa, a kare shi daga iska. In zafi ya haura digiri 32, da sassafe ko da yamma. In sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5, a dakata. Ɗanyen siminti na ƙona fata ba tare da an ji ba sai daga baya, don haka safar roba da tabarau dole ne, yankan busasshen siminti da giranda kuma da ruwa da takunkumi, ƙurarsa na zama a huhu har abada.

Ban ruwa

Siminti ba bushewa yake ba, haɗuwa yake da ruwa ya zama dutse, kuma fata mai milimita 25 tana rasa ruwanta cikin awoyi. Da zarar yatsa ya daina barin shaida, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun algarara, a rufe da leda, a ɗaure. Kwana 7 aƙalla ba tare da buhun ya bushe ko sau ɗaya ba, kwana 14 in an sa toka. Jiƙawa da safe a bari ya bushe da rana ya fi cutarwa a kan yadda ake zato. In da launi a shafin ƙarshe, kada leda ta manne da fata, tana barin dabbare-dabbare. Sai bayan kwana 28 ake ɗagawa, ake fenti, ake manna ado.

Launi da ado

Launin da aka kwaɓa cikin siminti ya fi fenti daɗewa, don ba shi da ɓawon da zai ɓare. Garin launi na tsatsar ƙarfe, ja da rawaya da baƙi da ruwan ƙasa, ba ya kodewa a rana. Kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari na nauyin siminti, kada ya kai 10. A auna shi da sikeli kowane kwaɓi, a gauraya a bushe, ruwan ma kada ya canza, in ba haka ba kowane kwaɓi da kalarsa. Fentin mai ba ya zama a kan siminti, kaifin na mayar da shi kamar sabulu ya saɓule. In fenti ake so, na ma'adini ko na ruwa mai barin bango ya yi numfashi.

Fasasshen tayil da tangaran da kwalba su ne kayan tsince da suka fi dacewa da wannan aiki. Dogon bencin Park Güell da ke Basalona da irinsu aka lulluɓe shi, haka Nek Chand ya yi a lambun duwatsu na Chandigar a Indiya, wanda aka buɗe wa jama'a a 1976, har da fasassun awarwaro. A manna su da gam ɗin tayil na waje, kauri milimita 3 zuwa 5, a shafa a bayan kowane guntu baki ɗaya, don ramin da ya rage a baya tafkin ruwa ne. A wurare masu lanƙwasa guntu kada ya wuce santimita 3. A goge kaifin kowane baki, a cike tsakani har ya zo daidai da fuska.

Farin gishirin da ke fitowa a watannin farko ba cuta ba ce. Busasshen burushi na cire mafi yawansa, sauran kuma ruwan binega da aka sirka, a kan fata jiƙaƙƙiya, a ɗauraye sosai. A ƙarshe a shafa maganin korar ruwa na silen, wanda ke nutsewa ciki ba ya yin fata. Banish mai sheƙi yana kulle danshi a ciki ya yi fari ya ɓare.

Yara za su hau, ko an rubuta kada a hau. Duk ramin da ke tsakanin santimita 9 da 23 na iya barin jikin yaro ya wuce kansa ya maƙale, wanda ke tsakanin milimita 8 da 25 kuma na kama yatsa. A toshe su ko a faɗaɗa. Duk reshen da ƙafa za ta kai a gina shi ya ɗauki babban mutum.

Kafawa da dubawa

A ɗaga ta zoben da aka tanada, da majanyin ɗaga kaya, kada sarƙa ta taɓa fata. A fara sa noti ɗaya a kowace ƙusa a ƙarƙashin faranti, da su ake daidaita tsayuwa da lebur, sannan a ɗaure na sama da noti bibbiyu. Tazarar milimita 25 zuwa 30 da ta rage tsakanin faranti da tushe a cika ta da kwaɓin da ba ya tsukewa, a karkatar da bakinsa. Faranti da notuna a shafe su da fentin hana tsatsa, kuma a bar su inda za a iya gani da kwancewa, ko da ƙarƙashin murfi ne. Siffar da ake iya kwancewa ana iya kai ta gyara ko sauya mata wuri ba tare da an fasa ta ba. In ita ce mafi tsayi a buɗaɗɗen fili, mai aikin lantarki ya haɗa ƙashin da sandar ƙasa saboda tsawa.

Sau ɗaya a shekara, kafin ruwa ya sauka, a zagaya da ƙaramar guduma ana ƙwanƙwasawa a hankali. Lafiyayyen wuri na amsawa da ƙara mai kaifi, wanda ya rabu da raga kuma na yin kwam-kwam kamar fankon gwangwani. A zura waya a magudanai, gizo da ƙura na toshe su. A watsa ruwa a fata: in ya dunƙule ya gangara maganin na nan, in ya shige fatar ta yi duhu lokacin sabuntawa ya yi. Tsagar da ba ta kai milimita 0.3 ba silen ya ishe ta. Wadda ta fi haka a buɗe ta da giranda zurfin santimita guda a cike da kwaɓi mai gam. Inda aka ga jan tabo, a fasa har bayan ƙarfen, a bi shi hagu da dama sai an kai inda yake fari, a goge, a shafa kunun siminti, a mayar da yaɓe da irin kwaɓin farko. Don wannan ranar ne ake miƙa wa mai wurin takarda mai ɗauke da awon kwaɓi, nauyin launi, hoton ƙashi kafin a rufe shi, da kilo biyu na yashin da aka yi aikin da shi a cikin gwangwani mai murfi.